Ƙaurin Babbaka a Bradford

Ƙarfe bakwai, duhu bai gama naɗe tabarmarsa ba,
na hau tsani na shige ƙarƙashin rufin wani tsohon gida,
fitila a goshi kamar mai farautar dare,
ina rarrafe tsakanin katako da yanar gizo,
sanyi na cizon yatsun ƙafata.

Maureen Sugden ce mai gidan,
shekara saba'in da tara, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Ta tsaya a gindin tsani da kofin shayi biyu.
Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi kwana nawa ba.
"Ilu," ta ce, "wannan abin yana cin wuta?"

Na san dalili, maƙwabciya ta tsegunta mini.
Ƙanwarta Doreen ta zauna a wani bene can kudu,
aka manna wa bangonsu soso mai ƙyalli, wai maganin sanyi.
Dare ɗaya soson ya narke kamar man kaɗanya,
ya zubo hawa-hawa.
Tun ranar Maureen ke kwana da takalmi a ƙafa,
mabuɗi a tafin hannunta.

Na sauko, na yago guntu daga dami.
Gashin tumakin tuddan nan ne,
wanda kuɗin askinsa ya fi kuɗin sayensa.
An wanke shi, an taje, an ba shi gishirin da asu ke tsoro.
A bakin ƙofa na ƙyasta ashana na kara masa.
Ya ɓata rai, ya yi baƙi, ya dunƙule.
Ashana ta ƙare har ta lashi yatsana,
shi kuwa ya hana wuta masauki,
ta mutu da yunwarta.

Amma ƙaurin!
Washegarin layya ce a Kazaure,
kai da ƙafa a kan kara, wuƙa na kankara,
babana zaune, ƙasa ta bushe a ƙaurinsa har gwiwa.
Magini ne. Ciyawa da jar ƙasa, ruwan makuba, tafin hannu.
Shekarar da gobara ta ratsa unguwarmu
danni ya tafi, jinka ta tafi,
soron da ya yaɓe ya tsaya da baƙin goshi,
muka kwana ciki mu goma sha huɗu.
Ni na guje wa kwaɓa, na ce aikin jiya ne,
ga ni bayan teku, da takardar shaida a aljihu,
ina biyan kuɗi a koya mini abin da ya sani kyauta.

Ban ce wa Maureen wuta ba ta da iko ba,
wanda ya ce haka bai ga wuta ba.
Na ce wannan zai ɓata mata lokaci, ya ja mata rai.
Jikin bututun hayaƙi kuma zan sa audugar dutse,
dutsen da aka narkar aka kaɗa kamar abawa,
shi ya riga ya sha wuta, ba sauran abin da zai ba ta.

Ta karɓi guntun ƙonannen, ta kai hanci, ta daɗe.
"Rigar babana," ta ce, "in ya dawo daga masaƙa
ya tsaya kusa da murhu."
Ta jefa shi aljihun rigar sanyinta.

Kwana uku ina shimfiɗa, layi kan layi,
kamar mai lulluɓe jinjiri,
na bar wa iska hanya a gefe don katako ya yi numfashi.
Ɗumin da ke sulalewa ta rufi ya rasa ƙofa,
mitar gas ta rage gudu,
tumakin can kan tudu ba su san sun yi sadaka ba,
gashi na sake tsiro musu, ba wanda aka cuta.

Bayan mako na koma, na manta awona a can.
Ta buɗe da safa kawai, idonta da nauyin barci.
Ban ce komai ba, na karɓi awo.
A bayanta, gindin matakala,
takalmanta biyu a jere, sun huta.